An ce jijiyar jini ta kumbura a ƙwaƙwalwata, ko sujada tsoro nake ji

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce, shekarata 46, 'ya'yana biyar. Na daɗe ina fama da ciwon kai, sai aka tura ni hoton MRI. Sakamakon ya nuna wata jijiyar jini ta kumbura a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwata, girman kumburin milimita 8. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya ce bai fashe ba, amma a ganinsa gara a buɗe kan a ɗaure shi, ya sa mana rana nan da mako shida. Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Ko atishawa na yi sai gabana ya faɗi, sallah ma a zaune nake yi. Maigidana ya ji labarin ana yin aikin a Masar ko Indiya ba tare da an fasa kai ba, har yana zancen sayar da filinsa. Mahaifiyata kuwa ta ce ba ta yarda a taɓa mini kai ba, kullum sai ta aiko da jiƙo da rubutu. Ina da hawan jini, amma gaskiya sai na ji kaina ya yi nauyi nake shan maganin. Yara ban gaya musu komai ba. Don Allah ina zan kama?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Duk wanda aka nuna wa hoton kansa aka ce ga wani abu nan da zai iya fashewa, dole barci ya ƙaurace masa, don haka kada ki ga laifin kanki. Amma ki riƙe maganar likitanki da kyau: bai fashe ba. Da yawa ba sa sanin suna ɗauke da shi sai ranar da aka kwashe su ranga-ranga zuwa asibiti. Ke an gan shi yana zaune, kina da mako shida a hannu, kuma akwai aiki sosai da za ki yi a cikinsu.

Likitoci na kiran abin aniyurizim. Idan kin taɓa ganin tif ɗin keke da wani wuri ya yi laushi, aka ba shi iska ya yi ƙulu a gefe, to haka jijiyar take. Yawanci yana fitowa ne a mararrabar jijiyoyin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, inda jini ke dukan bango da ƙarfi. Milimita 8 kamar ƙwayar wake ke nan. A cikin manya 100, kusan 3 na da irinsa, mafi yawansu har su gama rayuwarsu bai taɓa motsawa ba. Kumburi mai wannan girman ba kasafai yake sa ciwon kai ba. Wataƙila ciwon kanki daga wani wuri yake, shi ne dai ya zama sanadin da aka yi hoton. Na faɗi haka ne don kada bayan aiki ki ji kan ya sara ki ɗauka an yi aikin banza.

Akwai wani ma'auni da aka fitar a 2014, ana kiransa PHASES, wanda ke haɗa shekaru da hawan jini da girman kumburin da wurin da yake. Mai shekarunki, mai hawan jini, da kumburi tsakanin milimita 7 da 10, haɗarin fashewa yana kamawa kusan 1 zuwa 3 cikin 100 a tsawon shekara 5, gwargwadon jijiyar da abin ya shafa. Da mutanen Turai da Amurka da Japan aka yi lissafin, saboda haka ƙiyasi ne. Amma ki raba wannan adadi a kan mako shida ki gani, abin da zai rage ɗan mitsitsi ne. To me ya sa likita ya ce a yi aiki? Saboda ba shekara 5 ake duba miki ba. Mai shekara 46 ana sa mata ran wasu 30 in Allah ya so, haɗarin kuma taruwa yake yi shekara bayan shekara. In ya fashe, kusan mutum 1 cikin 3 ba ya tashi, waɗanda suka tashi da yawansu da nakasa.

Shi ma aikin ba ya rasa nasa haɗarin, ba zan ɓoye miki ba. Wani nazari da ya tattara bayanan dubban marasa lafiya a 2019 ya nuna ana samun matsala ga kusan 8 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa kai, da kusan 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin ta cikin jijiya ba tare da an fasa kai ba. Rasa rai bai kai 1 cikin 100 ba a kowace hanya. Matsalolin sun haɗa da shanyewar ɓarin jiki, zubar jini, jijjiga irin ta farfaɗiya, da ruɓewar wurin ɗinki, wasu su wuce, wasu su zauna. Akwai ma hanya ta uku da mutane ba su cika jin labarinta ba: a bar shi, a danne hawan jini, a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12 a ga ko ya ƙaru. An fi zaɓar ta ga kumburin da bai kai milimita 7 ba, ko ga tsoho, ko mai wasu cututtuka masu nauyi. A naki yanayin shawarar likitanki tana kan hanya, amma hakkinki ne ki tambaye shi dalilin da ya sa bai zaɓi jira ba. Wataƙila ya ga bakin kumburin ba sumul yake ba, ko ya fitar da wani ɗan ƙulu a jikinsa, irin wannan kuwa ya fi saurin fashewa.

Ki koma sujadarki. Ba a hana mai wannan ciwo sunkuyo ko atishawa ko tari ko hawa bene, haka girki da tafiya makaranta da kwanciyar aure, sai in likitanki ya ga wani dalili na musamman. Abin da za ki guje wa shi ne duk abin da zai sa ki riƙe numfashi ki yi yunƙuri mai ƙarfi, kamar ɗaga jarkar ruwa mai lita 25 ko tura kujerun falo, da dogon nishi a banɗaki. In bayan gida na yi miki tauri, ki yawaita ruwa da ganye da gwanda, in bai saki ba a rubuta miki mai laushi. Tafiyar ƙafa ta minti 30 da yamma za ta taimaki jininki, ta kuma taimaki barcinki.

Alamomin da za su sa a bar komai a nufi asibiti kuwa, ki sanar da duk mutanen gidan. Ciwon kai da ya faɗo lokaci guda kamar an kwaɗa miki taɓarya, ya kai ƙarshen zafinsa cikin minti ɗaya, wanda ba ki taɓa jin irinsa ba. Sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, suma, jijjiga. Ko fatar ido ɗaya ta faɗo, ko ki riƙa ganin abu biyu-biyu, ko hannu ya mutu, ko harshe ya karye. A nan ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa kemis, ba a biyawa ta ƙaramin asibitin unguwa. Tun yau ku san asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton kai ta CT da likitan ƙwaƙwalwa da za ku nufa, da wanda zai tuƙa mota da dare, a ajiye takardunki da faifan hoton a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Ciwon kan da kika saba da shi, mai zuwa a hankali, ba shi ake nufi ba.

Yanzu ga inda zan ɗan yi miki faɗa. Shan maganin hawan jini sai kai ya yi nauyi, wannan ya fi sujada haɗari nesa ba kusa ba. Hawan jini ba ya sallama, yana iya kaiwa 170 kina dariya da mutane. Shi da taba su ne manyan abubuwan da ke faɗaɗa kumburin nan waɗanda mutum ke da iko a kansu. Daga gobe ki tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba, ki sha kullum ko kin ji garau. Ki sayi na'urar awo mai ɗaurawa a damtse. Ki zauna minti 5 kin jingina, hannu a kan tebur, ki auna sau biyu safe da dare, ki rubuta a littafi. Abin da ake nema shi ne ƙasa da 130 bisa 80, ko adadin da likitanki ya yanka miki. In ya zauna sama da 140 bisa 90 har mako guda duk da kina shan magani, ki koma a gyara miki. In ya haura 180 bisa 120, a ranar za ki je asibiti. Gishirin yini duka kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ki sa dunƙule da kanwa a lissafin, don su ma gishiri ne a wata riga. In maigida na shan taba, ya fita da ita waje.

Shi maigidan naki, mutumin da ya yi zancen sayar da fili don lafiyar matarsa ya cancanci godiya, kuma abin da ya ji gaskiya ne. Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce wadda aka ba ki: a buɗe ƙashi kaɗan, a bi ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da madubin tiyata, a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfen titaniyam mai kama da abin kama wanki a igiya. Tun 1937 ake yin ta, lokacin da wani likitan tiyata mai suna Walter Dandy ya fara a Amurka, kuma in ta kama da kyau da wuya abin ya dawo. Ta biyun ta bazu ne daga farkon shekarun 1990: a zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har cikin kai, a cusa zaren ƙarfen filatinam mai laushi a cikin kumburin ya dunƙule, jini ya daskare a ciki. Ba yanka, kwana ɗaya ko biyu an sallami mutum. Sai dai kusan 1 cikin 5 zaren kan lotsa jini ya sake samun hanya, kusan 1 cikin 10 sai an sake aiki, shi ya sa dole a riƙa bibiya da hoto shekara da shekaru. In kuma wuyan kumburin mai faɗi ne, sai an sa wata 'yar raga a cikin jijiyar, wadda ke tilasta shan asfirin da clopidogrel, magungunan hana jini daskarewa, tun kwanaki kafin aiki har watanni bayansa. Tsallake su na iya toshe ragar ya jawo shanyewar jiki.

Ba kuɗi ne ke zaɓar hanya ba, siffar kumburin ce. Ki duba takardar hotonki. In kin ga an rubuta MCA, wato jijiyar da ke bi ta gefen kai, irin wannan sau da yawa wuyansa faɗi gare shi kuma rassa na fita daga gindinsa, likitoci da dama a duniya sun fi son matse shi da ƙarfe. Kuna iya sayar da fili ku isa Alƙahira a ce muku buɗe kan za a yi. Don haka kafin a nemi biza, a karɓi faifan hotunan kansu, takardar bayani kaɗai ba ta isa ba, a aika wa likitan da ke aikin ta jijiya ya faɗi ra'ayinsa a rubuce. A gida ma akwai inda za a ji ra'ayi na biyu: akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Likitan kirki ba ya jin haushin an nemi ra'ayin wani. Ko a ina ne, ku tambaya: irin wannan aiki nawa kuke yi a shekara, me ya faru da waɗanda aka yi wa, akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman, za a ƙara hoton jijiyoyi na CTA ko DSA kafin aiki? In tafiyar ta tabbata, ku yi magana da asibitin kai tsaye maimakon dillalai, ku sa kuɗin masauki da na bibiya a lissafi, ku kuma san likitan da zai karɓe ki in kin dawo. Hawa jirgi da kumburin da bai fashe ba yawanci ba a hanawa, amma bayan buɗe kai sai likita ya ba da izini.

Hajiya kuma, uwa ce aka ce za a buɗe kan 'yarta, ba gardama za ta kwantar mata da hankali ba. Ki tafi da ita ganin likita, ko da wani babba da take jin maganarsa, a nuna mata hoton, a yi mata bayani da Hausa. Ki ba ta aikin da take so: addu'a, sadaka, saukar Alƙur'ani. Malamin da ta yarda da shi zai tuna mata cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Jiƙon ne zan roƙe ki ki ajiye. Ba a san abin da ke ciki ba, wani na hana jini daskarewa, wani na hawar da jini, wani na gajiyar da ƙoda, ke kuwa ƙodarki za ta tace ruwan da ake zubawa a jijiya lokacin hoto. Ƙa'idar likitocin sa barci ita ce a daina duk maganin gargajiya mako biyu kafin tiyata, har da tafarnuwa da citta da habbatus sauda in ana shan su a matsayin magani. Na cikin miya ba komai. Ki karɓa ki yi godiya, ki ce mata likita ya ce a dakata sai bayan aiki. Ƙaho ma a jingine shi. Ki ji ta kowa, amma ke za ki sa hannu a takardar amincewa, kada ki sa sai kin gane abin da za a yi miki.

Ranar ganin likitan sa barci, ki zuba duk abin da kike sha a leda ki kai masa, har na kemis. Masu ciwon kai kan sha Alabukun ko ibuprofen ko diclofenac, masu hawan jini da yawa na kan Vasoprin. Alabukun da Vasoprin asfirin ne a cikinsu, kuma dukkan huɗun na iya ƙara zubar jini. In buɗe kai za a yi, akan dakatar da irinsu kamar mako guda kafin aiki, amma likita ne zai faɗi rana. Kafin nan farasitamol ya ishe ki. Maganin mura mai buɗe hanci na hawar da jini, ki bar shi. Ki tambaya dalla-dalla wane maganin hawan jini za ki sha da safiyar aiki, don akan ci gaba da amlodipine, a dakatar da irin su lisinopril. Za a gwada yawan jininki da daskarewarsa da rukuninsa, da ƙoda da suga da zuciya. Ki tambayi leda nawa ta jini za a tanada, a nemo masu bayarwa tun da saura mako, kada a bar shi sai ranar ana ta waya. Abinci akan daina shi awa 6 kafin aiki, farin ruwa awa 2, in ba wani umarnin aka ba ki ba. Ki tsefe kitso, ki wanke kai ba mai, ki cire 'yan kunne. Kada a yi miki baƙin lalle ko jan farce a yatsu, don suna iya rikita 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar jini. In zazzaɓi ko tari ya kama ki a makon, ki sanar da su, ɗage aiki da kwana biyar ya fi shiga da ciwo.

In buɗe kan aka yi, yankan yakan bi ta cikin gashi daga gaban kunne zuwa saman goshi, ɗankwali na rufe shi. Ƙashin da aka cire ana mayar da shi a ɗaure da ƙananan ƙarafa. Za ki farka a ɗakin kulawa ta musamman, ma'aikatan jinya su dinga tashin ki suna haska miki ido suna tambayar sunanki. Ki gaya wa Hajiya tun yanzu cewa haka ake yi wa kowa. Idon ɓangaren zai kumbura, ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan ya sace. Muƙamuƙi zai yi ciwo wajen tauna saboda an bi ta naman da ke motsa shi, sai a fara da kunu da fate, ana gwada buɗe baki a hankali kullum. Yawanci kwana 3 zuwa 6 ake yi a asibiti, a cire ɗinki tsakanin kwana 7 da 14. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne gajiya da mantuwa da saurin kuka, suna iya ɗaukar mako 6 zuwa 8. Ki nemi hutun wata biyu a makaranta, ki samo wadda za ta riƙe miki girki, a kuma taƙaita 'yan dubiya, don falo cike da baƙi ba hutu ba ne. A lokacin ne sallah a zaune za ta yi miki rana, ki tambayi malami yadda za ki yi da shafar kai. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ciwon kai mai ƙaruwa, kumburin ƙafa ɗaya, ko raunin hannu, duk na komawa asibiti ne nan take. Kafin sallama ki karɓi takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da aka sa miki, za a nema duk ranar da za a sake yi miki MRI.

Yara kuwa sun riga sun ga Mama na sallah a zaune, kuma abin da yaro ya ƙirƙira a ransa ya fi gaskiyar ban tsoro. Ku zaunar da manyan ke da babansu, ku ce an ga jijiya mai rauni, an gan ta da wuri, za a gyara ranar kaza. Ƙananan ya ishe su su san Mama za ta kwana asibiti kuma wance za ta zauna da su. Ba sai an yi musu hoto ba, akan shawarci dangi su yi ne in mutum biyu ko fiye na jini ɗaya, iyaye ko 'yan'uwa ko 'ya'ya, sun samu ciwon, ko akwai cutar ƙoda mai ƙuraren ruwa a gidan. Ki bincika ko an taɓa samun haka a danginku ki gaya wa likita. Ki rubuta basussukanki da zubin adashi da wasiyyarki ki ba maigida ya ajiye. Wannan ba kiran mutuwa ba ne, addini ya kwaɗaitar da mai lafiya ma ya yi, kuma masu yi kan ji nauyi ya ragu. In rashin barcin ya wuce mako biyu, ko kin daina cin abinci, ki faɗa wa likita a fili, kada ki sayi maganin barci da kanki.

Ki rubuto mana bayan kun ji ra'ayi na biyu, ki haɗo da adadin da ke littafin awonki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi a sa'a.